Gadar Kubanni da garuruwan da ta ɗinke

Wanda ya fito daga Birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya nufi unguwar PZ, in ya ratsa Tudun Wada ya ƙure ta, akwai inda ƙarar tayar mota ke sauyawa na ɗan lokaci kafin ta koma yadda take. Yawancinmu ko kai ba ma ɗagawa. Nan ne Gadar Kubanni. Da rani in ka leƙa ƙasa, abin da za ka gani bai taka kara ya karya ba: siririn ruwa mai duhu yana lallaɓawa cikin yashi, leda ta maƙale a ciyawa, lambuna sun yi kore shar a gefe. Sai ka dawo a watan Agusta bayan an kwana ana ruwa, ka ga Kubanni ta cika ta batse, ruwan ya yi ja wur, yana tafe da rassan itace da robobi, yana dukan ƙafafun gada har kana jin rurinsa a tafin ƙafarka. A irin wannan rana ne mutum ke gane cewa da babu wannan ɗan guntun hanya, da Zariya gari biyu ce, kowanne da gaɓarsa.

Kogin kansa ba wani babba ba ne. Daga tuddan da ke wajen Shika yake tasowa, ya bi ta Samaru inda Jami'ar Ahmadu Bello ta datse shi a farkon shekarun 1970 don samun ruwan sha, ya gangaro ya raba Tudun Wada da Sabon Gari, sannan ya zuba a Galma. Galma ta kai shi Kogin Kaduna, Kaduna kuma ta miƙa shi Kwara. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne yanayin daminarmu. Ruwan da ke sauka a ƙasar Zazzau a shekara yakan kai wajen milimita 1,000, kuma kusan dukkansa cikin wata biyar yake zuba, mafi yawa a Agusta da farkon Satumba. Saboda haka kogin da yaro ke tsallakewa da ƙafa a watan Maris, shi ne wanda ƙato ba ya kusanta bayan wata biyar.

Kafin zuwan Turawa wannan bai dami kowa sosai ba, don rayuwar gari tana cikin ganuwa: fada, kasuwa, Masallacin Juma'a, makarantun zaure, marina, duk suna kudu da kogi. Fatake masu zuwa daga Kano ko Katsina sun san mashigi, sun kuma san lokaci. Fatauci sana'ar rani ce. Madugu ba ya tayar da ayari ya tari cikowar rafi da jakuna ɗauke da kanwa da gishiri. In kuwa tafiya ta kama dole da damina, sai a yi zango a gaɓa a jira ruwa ya janye, ko a nemi masu fito. Mutane sun tsara shekararsu a kan halin ruwa, ruwa kuma bai taɓa yi musu ƙarya ba.

Abin da ya birkita wannan lissafi shi ne jirgin ƙasa. Turawan Ingila sun shigo Zariya a 1902. Shekara biyar bayan haka, a 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan layin dogo ne, aka yanke shawarar shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano. Ta ruwa aka riƙa hauro da ƙarafa da kawunan jirgi zuwa Baro in Kwara ta cika, daga nan kuma ƙarfin mutum ya karɓa. Ina yawan tuna wannan in na tsaya a kan gada: hanyar da ruwan Kubanni ke bi ya sauka Kwara, kusan ita ce ƙarfe ya biyo ya hauro mana. A 1911 dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano, a 1912 aka buɗe zirga-zirga har zuwa Legas.

Aikin nan da jini da gumi aka yi shi. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara mutane daga ƙauyuka, a kai su sansani su yi makonni suna haƙa da ɗaukar ƙasa a kwando. Shi ne aikin diga, kalmar da ta zauna a bakin Hausawa har yau. Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau a 1903, malami ne kuma mawaƙi, ya bar mana Waƙar Diga a kan wannan aiki da ya gani da idonsa. Duk tsohuwar gadar jirgi da ka gani tsakanin Kaduna da Kano, a tuna cewa tudun ƙasar da ya kai dogo bakinta a kan kawunan kakanninmu aka tara shi.

Jirgi ba ya jiran ruwa ya janye kamar yadda madugu ke yi. Yana da ranar tashi da ranar isa, damina ko rani. Dole duk rafin da ya gitta a ɗora masa gada, kuma gada mai ɗaukar nauyin da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan. Inda ruwa ya fi ƙarfin injiniyoyi na ɗan lokaci, kamar Jebba a kan Kwara, taragai a jirgin ruwa aka riƙa ɗora su ana tsallakarwa har aka gama gada. A Makurɗi sai 1932 aka buɗe ta Binuwai. A nan Zariya kuwa, dogon da ya taso daga Kaduna ta kudu sai ya haye Kubanni kafin ya shiga tasha, domin Turawa a arewa da kogi suka kafa tashar.

Wannan zaɓi na inda aka ajiye tasha shi ne tushen komai, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan daɗe.

Turawa ba su shiga Birni sun zauna ba. Sun kafa nasu wuri a ƙetaren kogi: bariki, ofisoshi, gidajensu, kantunan kamfanoni, da injin gurzar auduga, tunda audugar ƙasar Zazzau na cikin manyan abubuwan da suka sa aka kawo jirgin. Sunan PZ da muke kira kullum, sunan kamfanin Paterson Zochonis ne da ya yi kanti a wurin. Kusa da tasha aka yanka Sabon Gari don ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa da suka biyo dogo daga Kudu, Yarbawa da Ibo da wasunsu, har da mutanen Saliyo da Gana. Tsakanin kogi da ganuwa kuma aka yanka Tudun Wada don 'yan Arewa da ba Zazzagawa ba. Birni aka bar wa Sarki da mutanensa. Dokar garuruwa ta 1917 ma ta ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, da hujjar tsoron sauro da cuta. Ko mishan ɗin Likita Miller da ya fara zama cikin Birni, daga baya a 1929 Wusasa ya koma, can bayan gari.

In ka ɗora wannan tsari a kan taswira, za ka ga Kubanni ta zama ganuwa ta biyu, wadda ba a biya kowa ya gina ba. Kudu da ita ikon Sarki da alƙali, arewa da ita ikon Bature da dokarsa. Kudu karatun allo da zaure, arewa agogo da albashi. Kakata, Allah ya jiƙanta, 'yar Birni ce ta haihuwa, kuma har ta rasu ban taɓa jin ta ce za ta Sabon Gari ba, sai dai ta ce ƙetare. In za a aike ni can sayen wani abu ina yaro, sai ta kira ni ta ce, "Maigida, in ka haye gada ka kama kanka, ka dawo kafin la'asar." A wurinta haye gada fita ce daga gida zuwa wata ƙasa, duk da cewa tafiyar ba ta fi a yi ta da ƙafa ba.

Sai dai wanda ya raba mutane da kogi, shi ne kuma ya fi kowa buƙatar su haye shi. Audugar ƙauyukan kudu da Birni sai an haye da ita kafin a gurza. Harajin da aka tara a baitulmalin En'e sai an lissafa shi gaban Razdan. Lebura da kuku da masinja da mai gadi, yawancinsu a Tudun Wada suke kwana su yi sammako zuwa ƙetare. Mai kanti na son mai saye, mahauci na son mai albashi. Ta haka hanyar da ke tsakanin Ƙofar Doka da tasha ta zama jijiyar gari, inda ta haye kogi kuma ya zama maƙogwaronsa. Gadar da aka yi don kaya da umarni su wuce, sai ga shi aure ya bi ta kanta, harshe ya bi, abinci ya bi. Bayerabe ya haye ya koyi Hausar da ta fi ta wani Bahaushen daɗin ji. Ɗan Birni ya haye ya koyi gyaran keke da ɗinkin tela da tuƙin mota. A ganina wannan shi ne babban tarihin gadar, ya fi ƙarfe da simintin da aka yi ta da su nauyi.

Zariya ta zama mahaɗar jirage cikin ɗan lokaci. An ja ƙaramin dogo daga nan zuwa ƙasar Jos don kwaso kuza, ya isa Bukuru a 1914, ya yi aiki har aka rufe shi a 1957. An ja wani zuwa Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. An kafa wurin horar da kuratan soja a 1924. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara yawan ƙafafun da ke bin gada.

Ilmi ma sai ya zauna a gaɓa biyu, kamar da gangan. Ta kudu akwai kamfanin Gaskiya, inda aka riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a ƙarƙashin Abubakar Imam, jaridar da ta soma fitowa a 1939. Akwai Kwalejin Barewa da ta dawo Zariya a 1949, akwai Alhudahuda, akwai makarantar koyon aikin mulki ta unguwar Kongo. Ta arewa akwai Samaru da binciken aikin gona, da makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Palladan. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ƙafarta ɗaya na Samaru ɗaya na Kongo, kogi a tsakani. Dubban ɗaliban da suka yi karatu a nan, daga kowane lungu na Najeriya, ba wanda bai haye Kubanni ba, ko da bai taɓa sanin sunanta ba. Asibitin koyarwa kuwa ya daɗe a Tudun Wada, mutanen Samaru da Sabon Gari ke hayowa da marasa lafiyarsu. Da aka mayar da shi Shika a 2005 sai abin ya juya: yanzu mai naƙuda daga Birni ita ce sai an haye da ita. Duk wanda ya taɓa ɗauko mara lafiya da tsakar dare ana ruwa ya san darajar gada fiye da yadda takarda za ta faɗa masa.

Yau ba ita kaɗai ce hanya ba. Babban titin Kaduna zuwa Kano ya zagaye ta Ɗan Magaji da Kwangila, ya kwashe manyan motoci da dama, akwai kuma wasu mahaya a wasu unguwanni. Amma ɗan acaba, da mai keken haya, da bas ɗin Samaru, da mai tura baro zuwa kasuwar Sabon Gari, da yara masu kayan makaranta, har yanzu ta nan suke bi. Ka tsaya da ƙarfe bakwai da rabi na safe ka ƙirga na minti goma, za ka gaji.

To, me ke kashe tsohuwar gada? Mutane da yawa na ɗauka nauyi ne, wato wata rana tirela za ta hau ta karye. Hakan na faruwa, amma abin da ya fi cin gadojin kogi a duniya daga ƙasa yake farawa, inda ido ba ya kaiwa. Ruwa in ya zo da gudu ya ci karo da ƙafar gada, sai ya murɗa ya yi juyi a gindinta, yana kwashe yashi da laka kaɗan-kaɗan kamar mai haƙa da cokali. In ambaliya ta wuce, wani yashin mai laushi ya sake cike ramin, sai ka zo da rani ka ga komai lafiya lau, alhali ƙasar da ke riƙe da ginshiƙi ta riga ta yi sako-sako. Shekara bayan shekara ramin na ƙara zurfi, har ranar da ginshiƙi zai ɗan nutse ko ya karkata. Daga nan saman gada ba shi da abin yi sai ya bi.

Mu kuma da hannunmu muke taya ruwa wannan aiki ta hanyoyi da yawa. Duk gidan da aka gina a bakin kogi, duk katangar da aka tura cikin fadama, hanyar ruwa aka matse, kuma ruwa in aka matse shi gudu yake ƙarawa, kamar yadda yaro ke toshe bakin tiyo da yatsa. Unguwannin da da can gonaki ne masu shanye ruwan sama, yanzu kwano ne da siminti da kwalta, ruwan ba ya nutsewa, gaba ɗaya yake gangarowa kogi cikin sa'a guda. Shara ita ma ba ƙazanta kaɗai ba ce. Leda da katifa da rassan itace in suka taru a bakin gada sukan toshe wani sashe, ruwan ya koma ta sauran da ninkin ƙarfi, ko ya taru ya fara cin ƙasar da aka cike a bakin gada ta gefe. Sau da yawa in aka ce ruwa ya cinye gada, in ka je za ka tarar gadar na tsaye, hanyar da ke shiga cikinta ce ruwa ya yanke.

Sai haƙar yashi. Ina tausayin masu wannan sana'a, don abinci suke nema kuma garin ne ke sayen yashin yana gini. Amma in aka kwashe yashi tifa bayan tifa a ƙasa da gada, gindin kogi ya yi zurfi a wurin, sai ruwa ya fara cin baya yana haurowa don ya daidaita kansa, kuma ba ya tsayawa sai ya iso ƙafar gada. Dam da ke sama ma yana da nasa tasiri: yana tare yashin da ya kamata ya gangaro ya maye gurbin wanda aka rasa, sai ruwan da ke fitowa ya zo da yunwa, ya ci na gabansa.

Ta sama kuwa tsatsa ce abokiyar gaba. Kankare yana da ƙarfi ne saboda rodin da ke cikinsa. A jikin kowace gada akwai 'yan ramukan da aka bari don ruwan sama ya zube. In ƙasa ta toshe su, ruwa ya kwanta, ya sami ɗan tsagi ya shiga, rodi ya yi tsatsa. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi, sai ya fasa kankaren daga ciki, ɓawo ya faɗo, ruwa ya sami babbar ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka abin yake a nan ba tare da wani ƙari ba. Ga kuma masu sare ƙarafan gefen gada da na dogo da dare su kai wa 'yan gwangwan. Wanda ya yanke ƙarfen da ke tare yaro daga faɗawa kogi don kuɗin kwana biyu, ban san da wane suna zan kira shi ba.

Ba labarin nesa ba ne. A damina ta 2017 gadar Tatabu da ke kan hanyar Mokwa zuwa Jebba ta tafi, manyan motoci tsakanin Arewa da Kudu suka shiga uku na tsawon lokaci. A Mayun 2025 ambaliya ta afka wa Mokwa, ta kashe mutane fiye da 150, ta yanke hanyoyi. A nan gida kuma ba mu manta da 11 ga Agusta 2023 ba, ranar da wani sashe na Masallacin Juma'a na Birni, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, ya rufto kan masu sallar la'asar aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. An ga tsagi a jikin ginin kafin ya faɗi. Tsohon gini yakan yi magana kafin ya tafi, sai dai muryarsa ƙasa-ƙasa ce, sai wanda aka ɗora wa aikin saurare ke ji.

Nan kuma wata matsala take, wadda ta samo asali tun daga waccan rabuwa ta zamanin Turawa. Tudun Wada na ƙarƙashin ƙaramar hukumar Zariya, Sabon Gari na da tata. Hanya wata ta tarayya ce, wata ta jiha. Gadar jirgi ta hukumar jiragen ƙasa ce. Shara da muhalli wani ofishi ne, filaye da izinin gini wani ne daban. Kogin da ya zama iyaka ya zama bayan gidan kowa, ba ƙofar gidan kowa ba, kuma mun san abin da ake zubawa a bayan gida. Dubi yadda gidajen da ke gaɓa suke: duk sun juya wa Kubanni baya, bututun kwatarsu ne kaɗai ke kallonta. Sabuwar gadar sama tana da ranar buɗewa da kyalle da almakashi, share ramukan ruwa na tsohuwar gada kuwa ba ya fitowa a hoto. Amma shi ne aikin da ya fi arha, kuma shi ne ke ƙara mata shekaru: a sauka ƙarƙashinta kowane rani a auna zurfin gindin kowane ginshiƙi a rubuta, a kwashe shara kafin ruwan farko, a jibge manyan duwatsu a gindin ƙafafu, a hana haƙar yashi a kusa, a liƙe inda rodi ya fito tun yana tafin hannu. A Kaduna an adana ƙaramar gadar ƙafa ta Gwamna Lugga da aka fara ginawa a Zungeru a 1904, aka mayar da ita kayan tarihi ana zuwa kallo. Tamu ba ta kallo ba ce, aiki take yi dare da rana, shi ya sa ta fi waccan buƙatar a kula da ita.

A ranin da ya wuce na sauka ƙarƙashinta da kaina, ta wata 'yar hanya da masu lambu ke bi. Daga ƙasa gada wata halitta ce daban. Duk motar da ta wuce sai ka ji ta a ƙirji, ƙura na zubowa siriri ta inda sassan suka haɗu. Wani dattijo na ban-ruwa a fangalin latas da albasa, wandonsa a naɗe har gwiwa. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ce, "Yauwa ɗana, sannunka. Ma'aikaci ne?" Na ce a'a, kallo na zo yi. Ya ajiye bokiti, ya ja ni zuwa gindin wani ginshiƙi, ya nuna mini layin laka da ya bushe a jikinsa sama da tsayina, inda ruwan bara ya tsaya. Sannan ya sunkuya ya dafa wani wuri can ƙasa, inda launin kankaren ya fi na sama haske. Ya ce lokacin da ya fara lambu a nan, wannan wurin a cikin yashi yake.